Hawan keke kai kaɗai a duwatsun Jos

Ba kasafai babban hatsari ke tare mai hawan keke shi kaɗai a daji ba. Yawanci ƙaramin abu ne: taya ta sace, sarƙa ta tsinke, gwiwa ta daki dutse, alhali akwai kilomita 15 tsakaninsa da kwalta, rana kuma ta karkata. A duwatsun Shere da ke gabashin Jos, inda ƙololuwa ta haura mita 1,800, kana iya shafe awa guda ba ka ga kowa ba sai makiyayi can nesa.

Saboda haka shiri yana farawa ne tun daga gida. Ka faɗa wa mutum ɗaya takamaimai inda za ka shiga da inda za ka ɓulla, ka kuma yanka masa lokaci: "In 2 ta yi ban kira ba, ka neme ni. In 3 ta yi, ka taho da mai babur ta wannan hanyar." Cewa "na tafi hawan keke" kawai ba ya amfanar mai nema. Bayan ka faɗa, kada ka sauya hanya don wata ta ba ka sha'awa. WhatsApp na iya nuna inda kake har awa 8, amma sai da sabis, kuma a cikin kwari sabis kan ɗauke, waya ta yi ta laluben sa har caji ya ƙare. Ka sauke taswirar wurin tun kana gida. Wayar kuma ta zauna a jakar da ke jikinka, ba a kan keken ba, domin in ka faɗi, keke na iya gangarawa ya bar ka.

Yawancin kekunan da ke hannun mutane na gwanjo ne, don haka a duba su da kyau. Matse birki biyu ka jijjiga keken gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, notin ya saki. Takalmin birkin faifai da kaurinsa ya gaza milimita 1 ya gama aiki. A tabbatar makullin tayar gaba ya kama gam.

Taya ce ta fi kawo matsala, kuma hujinta iri biyu ne. Na farko na ƙaya ne, ko tsidau, huji ɗaya ƙarami. Na biyu yakan zo ne in iska ta yi kaɗan, taya ta daki bakin dutse, ƙarfen gargare ya matse tub ɗin ya bar huji biyu a jere kamar saran maciji. Mai nauyin kilo 70 da tayar inci 2.2 mai tub, iska wajen PSI 30 a ma'aunin iskar taya ta ishe shi. Masu faci na bakin titi sun saba cika taya ta yi tauri kamar ƙwarya, wannan ya dace da kwalta, amma a kan tsakuwa tsalle keken zai riƙa yi, taya ba ta kama ƙasa.

Ka ɗauki sabon tub ɗaya, da faci da sholisho, da famfon hannu, da ƙarafan cire taya 2, da allanki mai baki da yawa. Kuskuren da aka fi yi wajen faci shi ne gaggawa. A goge wurin da samfefa, a shafa sholisho siriri, a jira kamar minti 5 har ƙyallinsa ya dushe, sannan a manna a danne da ƙarfi. In aka manna yana da danshi, zai ɗago kafin a yi nisa. Kuma kafin a mayar da tub, a bi cikin tayar da tsumma a hankali. Inda ya saƙale, nan ƙayar take. Wanda bai ciro ta ba, zai sake zaman faci bayan minti 10. In dutse ya yaga gefen tayar, a sa guntun tsohuwar taya ta ciki ya tare, a rage gudu zuwa gida. Sarƙa kuwa tana son mahaɗin gaggawa, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa sarƙar da ta tsinke, wanda ya dace da yawan giyarta, na mai 9 ba ya shiga mai 11, tare da ƙarfen tura ƙusar sarƙa.

Wajen gangara, a sauke sirdi, a miƙe kan feda, a ja ƙugu baya, ido na kallon inda ake son bi. Birkin gaba ya fi ƙarfi, amma a matse shi sannu-sannu tare da na baya, kuma kafin kwana, ba a tsakiyarta ba. Da rani tsakuwar jan ƙasa na mirginawa ƙarƙashin taya kamar gero a kan siminti. Da damina falalen dutse mai gansakuka ya fi sabulu santsi. Duk wurin da ka tsaya kana shawara da zuciyarka, sauka ka tura. A cikin abokai ana gwada sabon tsalle. Mutum ɗaya bai da wanda zai ɗauke shi.

Akwai abubuwan da suka keɓanta da wannan yanki. Kududdufan da haƙar kuza ta bari wajen Bukur da Rayfield suna da zurfi, gaɓarsu kuma na zaftarewa, a ba su tazara. Shingen tinya da ke kewaye gonaki, farin ruwansa na ƙona ido, kada a shafi fuska bayan an taɓa shi. Hadarin damina yakan taso ne bayan azahar, kuma saman dutse ba wurin tsayawa ba ne in ana tsawa. Sanyin Jos yana ruɗar mutum ya manta da ƙishi, alhali ana buƙatar aƙalla rabin lita kowace awa. In ruwanka ya kai rabi, juya. Garken shanu kuwa a sauka a yi sallama, a bi ta gefe. In mutanen gari suka ce kada a bi wani wuri yau, a ji maganarsu.

In ka faɗi, kada ka zabura ka miƙe. Zauna, motsa yatsu da wuya a hankali, cire hular kwano ka duba ta. Hular da ta tsage ta gama amfani. Jiri, amai ko ganin abu bibbiyu alamar buguwar kai ce: kada ka sake hawa, kira wanda ka bar wa saƙo ko lambar gaggawa 112, ka zauna a bakin hanya inda za a gan ka.