Tattaki Zuwa Ginshiƙin Nasara a Gandun Blenheim

Motar bas ce ta ɗauke ni daga Oxford zuwa Woodstock a ƙasar Ingila, ƙaramin gari mai nisan kimanin mil 8, inda na shiga gandun fadar Blenheim a ƙafa. Yawancin baƙi kan miƙe kai tsaye cikin fadar domin su ga ɗakin da aka haifi Winston Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, a 1874, amma ni abin da ya kawo ni yana can arewa da ita, a kan tudu: dogon ginshiƙin dutse da ake kira Ginshiƙin Nasara.

Sai da na haye babbar gadar da John Vanbrugh ya zana, wadda ruwa ya shanye gindinta tun da aka datse kogin Glyme aka yi tafki a shekarun 1760, sannan hanya ta soma hawa cikin makiyayar tumaki. Daga gada mutum zai ɗauka ya kusa isa, alhali da sauran tafiya, ga iskar sanyi babu abin da ke tare ta. Tsayin ginshiƙin ya kai mita 41, kuma a ƙololuwarsa akwai mutum-mutumin darma na John Churchill, sarkin yaƙin da aka naɗa wa sarautar Marlborough, sanye da kayan janar na tsohuwar daular Rum, ya ɗaga hannu riƙe da ɗan gunki mai fukafukai, alamar nasara. Shi ne ya jagoranci rundunar ƙawance ta murƙushe sojojin Faransa da Bavariya a ƙauyen Blenheim na ƙasar Jamus ranar 13 ga Agusta, 1704, Sarauniya Anne kuwa ta saka masa da wannan gandu.

Abin da ya fi riƙe ni, duk da haka, yana ƙasa ne, ba a sama ba. An cika fuskoki huɗu na gindin ginshiƙin da rubutu cunkus, ƙananan haruffa jere a kan dutse, har sai na matsa dab da su kafin na iya karantawa. Fuska ɗaya labarin yaƙe-yaƙen John Churchill ne, sauran kuwa dokokin majalisa ne da suka mallaka masa gandun da sarautar, shi da zuriyarsa. Wanda ya san tarihin gidan ba zai yi mamaki ba. Dangantaka ta ɓaci tsakanin sarauniya da matarsa Sarah, aka tuɓe shi daga muƙamansa a 1711, baitulmali ya daina biyan kuɗin ginin fadar, shi da Sarah suka bar Ingila na wani lokaci. Ya rasu a 1722, kuma Sarah ce ta sa aka tayar da ginshiƙin tsakanin 1727 da 1730. A ganina, matar da ta ɗanɗana juyin fada ba ta sake yarda da alkawarin baka ba, shi ya sa ta kafa hujjar mijinta a fili inda kowa zai karanta, kuma na girmama ta a kan haka ƙwarai.

Sharaɗin da aka gindaya a kan kyautar yana aiki har yau: kowace shekara, a zagayowar ranar yaƙin, magajin gidan yakan aika wa sarkin Ingila tuta irin ta sarakunan Faransa a matsayin kuɗin hayar gandun.