Ni da Auta da sandar \

Talata. Barci bai ishe ni ba, amma na tashi garau.

Da hantsi Auta ya shigo rungume da kwamfuta, fuska a murtuke, wai Python, yaren rubuta manhaja da yake koyo, ta haukace. Ya ba ta hanyar fayil "C:\new\test.txt" ta ƙi buɗewa, alhali ga fayil ɗin nan yana kallonsa a folda. Na ce ya fitar min da rubutun da print, umarnin da ke nuna rubutu a allo, mu gani. Sai ga C: ita kaɗai a sama, "ew" ta faɗo layi na biyu, ga wani fili wangame kafin "est.txt". Ya yi sororo. Na ce masa sandar nan, wato alamar \, in ta shiga tsakanin alamomin zance ba ta zama ita kaɗai, harafin da ke binta take cafkewa su koma abu guda: \n sabon layi, \t tsallake.

"To Yaya, in sandar kanta nake so fa?"

"Rubuta biyu."

"Haba Yaya, ai biyu Windows za ta gani."

Nan fa muka kafe. Na sa shi ya rubuta len("\\"), wato ƙirga haruffan da ke ciki, ta ba shi 1. Har ya fara saukowa, sai ya kira sunan abin kai tsaye ba print, sanduna biyu suka fito, ya juyo min da allon yana murmushin nasara. Sai da na lallaɓa shi kafin ya yarda cewa wannan yadda ake rubuta shi ne take nuna masa, abin da ke ciki kuwa ɗaya ne tal.

Da na nuna masa ɗanyen rubutu, wato a sa r a gaba, murna kamar an yi masa albishir. Ba a jima ba ya dawo da r"C:\new\" ta watsa masa jan rubutu, don ko a ɗanye sandar ƙarshe sai ta riƙe alamar rufewa. Ya ce wallahi wannan zalunci ne, wa ya ɗora mana? Na ce Bob Bemer ne ya kawo ta cikin ASCII, jerin haruffan kwamfuta, a 1961, MS-DOS 2.0 kuma, magabaciyar Windows, ta mai da ita mai raba folda a 1983 saboda an riga an ba / wani aikin. Bai ji sanyi ba. Na ce ya yi amfani da / ko pathlib, kayan aikin Python na hanyoyin fayil, ya huta.

Na sha dariya a lokacin. Da yamma kuma abin ya tsaya min a rai. "C:\Users" tana da kirki, nan take take ihu, don \U lambobi takwas take jira. Wadda ke ba ni tsoro ita ce irin "C:\data", da ke aiki lami lafiya kawai don \d ba ta nufin komai. Sai daga Python 3.12 gargaɗi a kan haka ya fito fili. Mutum ya yi ta zaton ya iya, ran da aka sa wa folda suna mai farawa da n ko t komai ya wargaje. Kuma yaron nan yana da gaskiya da ya yi fushi. Mu ne muka saba da ƙirga sanduna har muka daina ganin abin a matsayin wahala.

Wanki bai bushe ba. Kiran Umma sai gobe.

Wai mako mai zuwa za su fara regex, dabarar neman rubutu, a yaren Java, inda sai ka jera sanduna huɗu kafin ka kamo guda. Ban gaya masa ba tukuna.