Mako na bakwai: kifi biyu sun shiga tanki

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu koyon kiwon kifin ado na ruwan gishiri a tankin gilashi. Yau mako bakwai cif da na zuba ruwan gishiri a tankina mai cin lita 75, amma sai shekaranjiya kifi ya shiga cikinsa, su ma guda biyu kacal.

Duk wanda ya shigo falona a makonnin nan sai ya tambaye ni me nake kiwo, don ba ya ganin komai sai duwatsu da farin yashi. Kiwo kuwa ina yi, na bakteriya. Kashin kifi da ragowar abinci suna rikiɗa su zama amoniya, wadda guba ce. Wasu bakteriya ke mayar da ita nitirait, shi ma guba ne, sannan wasu su mayar da shi nitiret, wanda kifi ke jurewa in bai yi yawa ba, ana kuma rage shi da canjin ruwa. Kafin bakteriyan nan su yaɗu a jikin duwatsu akan kai mako huɗu zuwa shida. Na riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi, ina gwada ruwan duk kwana uku. Ranar da kwalbar gwajin nitirait ta daina komawa shunayya, ta tsaya a shuɗi garau, sai da na ɗaga ta a hasken taga na sake dubawa. Duk da haka na ƙara mako guda.

Inda na fi shan fama da zuciyata shi ne zaɓen kifi. Shuɗin kifin nan mai rawayar wutsiya, tang, shi ya ja ni cikin harkar tun farko. Mai sayarwa ya nuna mini wani ɗan ƙarami, bai fi babban yatsa ba, ya ce zai zauna. Zai zauna a yau, amma kifi ne da ke kaiwa santimita 30, kuma yini yake yana iyo, wurinsa tanki mai ɗaruruwan lita. Na haƙura, kuma har yanzu abin yana raina. Wani ƙaramin kifi da ake kira damsel ma na bar shi duk da araharsa da juriyarsa, domin in ya kama wuri a ƙaramin tanki ba ya barin baƙo ya sha iska.

Na tsaya a kan oselaris, kifin nan ruwan goro mai fararen zobba uku, na kuma nemi waɗanda aka ƙyanƙyashe a tanki, saboda sun saba da abincin gwangwani. Halittarsu akwai abin mamaki: dukkansu a maza suke farawa, wanda ya fi girma da ƙarfi shi ke komawa mace. Shi ya sa na ɗauki babba ɗaya da ƙarami ɗaya, don kada rigimar shugabanci ta yi tsawo.

Da suka iso na kashe fitila, na bar ledarsu tana yawo a saman ruwa minti 15, sannan na juye su a roba ina ɗiga musu ruwan tankin da siririn tiyo kusan minti 40. Ruwan leda ko ɗigo bai shiga tankina ba. Daren farko a lungu ɗaya suka kwana, kusa da famfo. Jiya da safe na ga ƙaramin ya karkata gefe a gaban babban, jikinsa na karkarwa. Gabana ya faɗi, na zaci ciwo ne, ashe mubaya'a yake yi.

Ga kuskuren da ba na so ku maimaita. A mako na uku ruwa ya ragu, sai na cike da ruwan gishiri. Ma'aunin yawan gishirin ruwan ya tashi daga 1.025 zuwa 1.029. Ruwa ne ke bin iska, gishiri yana nan inda yake, don haka da tataccen ruwa marar gishiri ake cikewa. Allah ya taimake ni babu kifi a ciki lokacin. Yanzu na manna salatif a jikin gilashi, kullum da safe nake cikewa zuwa layin.

Zafi shi ne damuwata. Kifayen nan sun fi son digiri 24 zuwa 26, nawa kuwa da azahar yana taɓa 28. Na sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, ya sauka, sai dai ruwan ya ƙara saurin raguwa. Na kuma tanadi famfon iska mai batir saboda ɗauke wuta, tunda ruwa mai ɗumi bai riƙe iska sosai.

Wata ƙura-ƙura ruwan ƙasa ta fara rufe yashi, abin da kowane sabon tanki kan yi, na sa katantanwa uku suna lashewa. Sai bayan mako huɗu zan ƙara wani ƙaramin kifi da ake kira gobi guda ɗaya, shi ne na ƙarshe, kuma zai fara zama a keɓe a wani ƙaramin tanki don kada ya shigo mini da ciwon fararen ɗigo. Kafin nan dole in samo murfin raga, don gobi yana tsalle. Wanda ya taɓa haɗa irin wannan murfi da hannunsa a cikinku, don Allah ya gaya mini irin ragar da ya yi amfani da ita.