Farautar Jan Ganye Daga Tsaunin Takao Zuwa Cikin Tokiyo

Ƙanena da ke karatun aikin gona a Japan ya daɗe yana nanata mini cewa idan har zan kai masa ziyara, to in daidaita ta da rabin ƙarshe na watan Nuwamba, domin a lokacin ne ganyen itatuwan Tokiyo da na tsaunukan da ke yammacinta yake rikiɗa daga kore zuwa ja da ruwan ɗorawa kafin ya zube. Na ɗauki maganar a matsayin zumuɗin ƙuruciya, don ban ga abin da zai sa mutum ya tsara doguwar tafiya saboda ganye ba. Da na isa sai na tarar ashe ƙasar gaba ɗaya ce ke cikin wannan zumuɗi. Suna da kalma ta musamman, momijigari, wato farautar jan ganye, kuma masu hasashen yanayi kan nuna taswirar inda launin ya iso kamar yadda suke nuna ta ruwan sama. Launin yakan fara daga tsaunukan Hokkaido da ke arewa tun a watan Satumba, ya yi ta gangarowa kudu sannu a hankali har ya riski Tokiyo bayan kimanin wata biyu.

Mun fita ranar Asabar da sassafe, kuma zaɓen ranar shi ne kuskurenmu na farko. Daga tashar Shinjuku muka hau jirgin ƙasa na layin Keio, wanda cikin minti 50 ko ɗoriya kaɗan ya sauke mu a Takaosanguchi, tashar ƙarshe a gindin Tsaunin Takao. Tsaunin yana yankin Hachioji, bai fita daga cikin iyakar Tokiyo ba, tsayinsa kuma mita 599 ne kacal, wanda hakan ya sa tsoho da yaro duk suke iya hawansa. Da alama kuwa duk sun zo a ranar. Layin masu jiran taragon da igiyar ƙarfe ke ja zuwa tsakiyar tsaunin ya yi tsawon da ƙanena ya dube shi sau ɗaya ya ce, "Yaya, ƙafa za ta fi mana sauri." Na so in shiga taragon, domin an ce mini babu irinsa a Japan wajen miƙewar hawa, yana kishingiɗa har digiri 31 a wani wuri, amma na haƙura na bi shi.

Hanyoyin hawa tsaunin suna da lambobi, mu kuma muka ɗauki ta 6, wadda ke bin gefen wani ɗan rafi cikin kwari. A nan na fara ƙorafi a zuci. Mun yi tafiyar kusan rabin awa cikin inuwar dogayen itatuwan sugi, waɗanda ba sa canja launi rani da damina, ƙasa a jiƙe, saiwoyi sun sarƙe turba, iska kuma tana ratsa rigar sanyi. Muka wuce Biwa, ƙaramin ruwa mai zubowa daga dutse inda masu ibada kan tsaya a ƙarƙashinsa don horar da kai, ni kuwa ina ta waiwaye ina neman jan da aka yi mini alkawari. Sai a wata kwana, inda kwarin ya ɗan buɗe rana ta samu hanyar shigowa, muka ci karo da bishiyar momiji guda ɗaya tal ta sunkuyo kan ruwa. Ganyenta ƙanana ne masu yatsu kamar tafin hannun jariri, hasken hantsi kuma ya bi ta bayansu, suka yi jawur kamar garwashin da aka hura. Abin da ya fi tsayar da ni shi ne cewa bishiyar ba launi ɗaya ta yi ba. Rassan sama da ke shan rana sun yi ja har sun fara duhu, na tsakiya ruwan goro, na can ƙasa cikin inuwa kuma har yanzu kore ne da ɗan rawaya a baki-baki.

Na tambayi ƙanena dalili, shi kuma dama abin da yake jira ke nan. Ya ce idan yini ya gajarta, sanyi ya shigo, bishiya takan daina sabunta kulorofil, sinadarin da ke ba ganye korensa, ta janye abin amfanin da ke cikinsa zuwa rassa da saiwa don ajiyar hunturu. Rawayar da ke bayyana dama tana cikin ganyen tun farko, kore ne ya rufe ta. Ja kuwa sabo ne, ganye ne ke ƙera shi daga sukarin da ya taru a cikinsa, kuma sai da rana mai haske da dare mai sanyi yake nuna sosai. Shi ya sa reshen da ya fi samun rana yake riga na inuwa, kuma shi ya sa shekarar da kaka ta zo da ɗumi da yawan gajimare launin kan fito a dushe. Ya ƙara da cewa a Japan ana cewa ganye kan fara juyawa idan sanyin asuba ya sauko ƙasa da digiri 8. Wannan bayani ya sauya yadda na kalli sauran tafiyar, domin daga nan duk bishiyar da na gani sai in duba ta wane ɓangare rana ke zuwar mata.

Ƙarshen hanyar ta 6 sai da muka taka duwatsu a cikin rafin kansa, sannan muka hau matakala mai tsawo wadda ta tuna mini da shekaruna. Bayan kimanin awa ɗaya da rabi muka fito ƙololuwa, inda muka tarar da jama'a maƙil, kowa ya shimfiɗa leda yana hutawa. Sama ta washe, don haka Tsaunin Fuji mai mita 3,776 ya fito sarai daga nesa da farar ƙanƙara a kansa. Sai dai wasu itatuwan ƙololuwar sun riga sun zubar da rabin ganyensu, abin da ya rage kuma ya fara ƙanƙancewa. Wani dattijo da ke zaune kusa da mu ya ga ina duban rassan, ya yi magana, ƙanena ya fassara mini cewa a nan sama mun makara da 'yan kwanaki, amma a gindin tsauni mun zo daidai, cikin gari kuma sai mun ƙara jira.

Da muka gangaro ta hanya ta 1, wadda aka shimfiɗe da kankare, sai maganar dattijon ta tabbata a idona mataki bayan mataki. Muka ratsa harabar Yakuo-in, wurin ibadar mabiya addinin Buda da tarihinsa ke komawa shekarar 744, inda jan fentin gine-ginen da jan ganyen suka haɗu har ido ya kasa raba su. Muka sauko ta matakalar nan mai hawa 108, muka wuce tsohuwar bishiyar sugi da saiwoyinta suka nannaɗe har ake kiranta da sunan wata dabbar teku mai hannaye takwas. Duk yadda muka ƙara yin ƙasa, ganyen na ƙara cika a rassa, launin na ƙara ƙarfi, har muka dawo dandalin tashar taragon da muka baro da safe, wanda a gaggauce na wuce shi ban ko ɗaga kai ba. Mafi jan itatuwan da na gani a ranar suna nan, taku kaɗan daga inda layin mutane ya tsaya.

Bayan mako guda launin ya shigo gari. Mun je Meiji Jingu Gaien, inda bishiyoyin ginko 146 da aka dasa a 1923 suke, mafi yawansu a jere a titi mai tsawon kimanin mita 300. An tsara su daga dogo zuwa gajere don titin ya yi wa ido kamar ya fi haka nisa, an kuma aske su sun yi tsini kamar mazurari a kife. Rawayarsu tsantsa ce ba gauraye, ganyen da ya zube kuma ya rufe ƙasa har ba a jin ƙarar takalmi. Wurin yana da kyau ƙwarai, amma a ganina ya cika tsari, kuma masu ɗaukar hoto sun fi masu kallo yawa.

Lambun Rikugien ya fi kwanta mini a rai. Yanagisawa Yoshiyasu, wani babban bafade na zamanin mulkin Tokugawa, shi ya kammala shi a 1702, ya tsara wurare 88 a cikinsa bisa wuraren da tsofaffin waƙoƙi suka ambata, daga baya iyalan Iwasaki, waɗanda suka kafa Mitsubishi, suka mallake shi kafin su ba birnin kyauta a 1938. Mun shiga da la'asar, muka zagaya tafkin da ke tsakiya ta siririyar turba, muka hau ɗan tudun da ke kallon lambun duka. A ƙarshen Nuwamba rana kan faɗi a Tokiyo wajen ƙarfe 4:30, don haka ba mu jima ba haske ya fara ja da baya. Muka zauna a benci kusa da wata gada, iska ta taso kaɗan, ganyen momiji ya riƙa saukowa ɗaya-ɗaya kan ruwa, manyan kifayen tafkin suna tasowa su taɓa shi da baki su koma. Ƙanena ya duba agogo ya ce, "Yaya, mu tashi kafin a rufe ƙofa." Na ce masa ya ƙara mini minti biyar, domin akwai wani reshe a tsallaken gada da rana ba ta gama barinsa ba.