Wai mi kake karantawa ne?

Kwana uku da dawowata Tawa muna zaune ƙofar gida bayan la'asar, yara na dafa shayi, sai kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗana, shekara biyu kana Faransa, wai mi kake karantawa ne? Aboka za ka zama ko alƙali?" Na ce kawu ko ɗaya. Ya ce to mi? Na ce mu abin da muke bincike shi ne mece ce doka, kuma mi ya sa ake bin ta. Ya kurɓi shayinshi ya yi shiru, can sai ya ce, "Au, duk zaman da ka yi jami'ar Yamai ba su gaya maka ba?" Kowa ya fashe da dariya har da ni, don wallahi ban da amsa a lokacin.

Kuma fa bai yi ƙarya ba. Shekara uku na lisans a Abdou Moumouni hadda muka sha, artikil kaza ya ce kaza, ka zuba a takardar jarabawa ka wuce. Kelsen ma, wani Bature masanin falsafar doka, mun gamu da shi tun shekarar farko amma a zane kawai, wannan dalar da ake zanawa a allo, tsarin mulki a ƙololuwa, dokokin majalisa ƙasa da shi, dekere a ƙasansu, har zuwa takardar da magajin gari ke sa ma hannu. Ba wanda ya taɓa ɗaga hannu ya ce malam shi tsarin mulkin wa ya ba shi izini, ni ma ban tambaya ba, maki nike nema.

Maganar tafiya ba zan ja ta ba don kowa ya san wahalar dosiye. Na tafi a 2022, ba ni da burs, sai da muka nuna shaidar yuro 615 kowane wata, wato sama da jaka 400 na sefa, yayana da wani abokin babanmu suka haɗa hannu. Can kuma ɗalibin waje an yarda ya yi aiki awa 964 a shekara, ni nawa a wanke-wanken wani gidan abinci na ƙarar da su. Abin da ba wanda ya faɗa min tun daga gida shi ne Turancin Ingilishi. Kai ɗan lakkwal ɗin Faransanci, ka je ƙasar Faransanci, sai a miƙo maka shafi arba'in na Hart ko Dworkin, su ma masana falsafar doka, da Ingilishi a ce jibi za mu tattauna. Makonnin farko da ƙamus a waya nike bi layi layi har ƙarfe biyun dare, in zo aji in yi shiru kamar an aiko ni. Duk mai niyyar wannan fanni don Allah ya fara gyara Ingilishinshi tun yana nan.

Ajin ma ba irin namu ba ne. Mu goma sha wani abu ne kewaye da tebur, ba wanda ke karanto maka kana rubutawa, malam zai jefo tambaya ya harɗe hannu yana jira. Ni da aka raina a kan ba a musu da malami, sai da na yi wata huɗu kafin in iya cewa ban yarda ba.

Abin da ya buɗe min baki sosai a shekara ta biyu ya faru. An kifar da gwamnati a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023 ina can ina hutu, an dakatar da tsarin mulkin 2010, ba siyasa zan yi a nan ba kowa da ra'ayinshi. Da aka koma karatu sai ga mu kan Kelsen kuma, amma yanzu da gaske. Shi cewa ya yi kowace doka daga wadda ke samanta take samun ƙarfi, in ka hau ka hau har ka ƙure to akwai wata ƙa'ida ta tushe da ba a rubuce take ba, ɗauka kawai ake yi cewa tana nan. In aka yi juyin mulki ya zauna da gindinshi, mutane suna bin sabon tsari, to ƙa'idar tushen ta sake kenan. Malam ya ce mu ƙaddara a ranmu wata ƙasa da aka wayi gari babu tsarin mulki. Ƙaddara! Wata ƴar ajinmu har ta lumshe ido tana ƙoƙarin hango abin. Ni kuwa da safen nan muka yi waya da ƙanena yana gaya min ya je kotu karɓar takardar zama ɗan ƙasa, an buga mashi hatimi lafiya lau ya biya kuɗin tambur ya fito.

Na ɗaga hannu na ce malam mu ba sai mun ƙaddara ba, an yi mana juyin mulki a 1974, 1996, 1999, 2010, ga na bana. Na ba su labarin tazarce na 2009, yadda kotun tsarin mulki ta ce ƙuri'ar raba gardama ba ta halatta ba, shugaban ƙasa Tanja ya rushe kotun a ƙarshen Yuni, aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, wata shida da ƴan kwanaki bayan haka sojoji suka zo. Na ce to a cikin watannin nan wace ce doka a Nijar? Ranar awa biyu muka yi a kai, kuma daga nan na samu batun memuwar ɗina, wato kundin binciken gama karatu.

Da na shiga bincike na tarar alƙalai sun daɗe da sa Kelsen a aljihu. A Pakistan a 1958 kotun ƙoli ta kafa hujja da shi ta halatta juyin mulki, sunan shari'ar Dosso, ba Dosso tamu ta hanyar Yamai ba, sunan wani mutum ne, amma duk sanda na gani sai na yi murmushi. Uganda ma haka aka yi a 1966. A Najeriya kuwa a shari'ar Lakanmi ta 1970 kotu ta ƙi, ta ce abin da ya faru a 1966 ba juyin da ya share tsarin mulki ba ne, sojoji suka fito da dekere suka soke hukuncin. Ni dai Hart ya fi kwanta min a rai, don shi a littafinshi na 1961 cewa ya yi ka daina neman tushe a sama, ka duba mi alƙalai da ma'aikata suke karɓa a matsayin doka a aikace. Magatakardan da ya buga ma ƙanena hatimi bai karanta Hart ba amma abin da yake yi kenan.

Sai dai shi ma Hart ɗin da zai zo Adar da ya sha mamaki. A nan mutum ɗaya zai yi aure gaban liman, ya raba gado bisa fiƙihun Malikiyya, rikicin iyakar gona ya kai wa mai gari, in bai yi ba a wuce wurin sarki a yi sulhu a rubuta takarda, sai ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a je jastis. Can ɗin ma dokar ƙasa da kanta ta ce a harkar aure da saki da gado da gona alƙali ya bi al'adar masu ƙara, shi ya sa ake zaunar da masana al'ada kusa da shi. Ga kuma kod rural na 1993, dokar filayen karkara, da ya yarda da mallakar gona ta gargajiya. Turawa suna ce ma wannan "tarin dokoki a ƙasa ɗaya", kuma wasu ƴan ajinmu in ina ba su labari sai idonsu ya yi ta ƙyalli kamar wani abin sha'awa ne zalla.

Nan ne nike taka masu burki da labarin Hadijatou Mani, don a jiharmu aka yi shi. An sayar da ita tana shekara 12 a 1996, wahaya, wato baiwar da ake ajiyewa kamar mata ta biyar. Dokar da ta mai da bauta laifi ta fito a 2003, amma da ta nemi rabuwa da mutumin da ya saye ta wata kotu a Ƙonni ta ba ta gaskiya, ta gaba ta juya hukuncin da sunan al'ada, har gidan kaso ta shiga wai ta yi aure kan aure. Sai da kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce Nijar ta kasa kare ta, a biya ta miliyan 10 na sefa. Duk wanda zai ce min al'ada ita ce doka ta gaskiya tunda mutane na bin ta, sai in ce waɗanne mutanen, wa aka tambaya? Fiye da rabin memuwar ɗina a wannan tambayar ya ƙare, kuma a ranar sutnans, wato ranar kare shi gaban malamai, ɗaya daga cikinsu ya ce na fi ƙarfi wajen tambaya fiye da amsa. Ban musa ba.

Duk wannan ban faɗa ma kawu ranar ba, ai shayi ya huce kafin in gama. Amma jiya da dare ya aiko a kira ni, ashe maƙwabcin gonarshi ya ci mashi kusan kunya uku wajen gamba da ke kan iyaka, Asabar za su zauna wurin mai gari. Ya ce in zo in raka shi tunda na yi karatun doka. Na fara yi mashi bayanin kwamitin filaye da takardar shaida, ya ɗaga min hannu ya ce, "A'a, kai dai ka sa babbar riga ka zauna bayana, kada ka ce uffan. Shaidu gare ni, tsofaffi biyu da suka ga sanda kakanka ya dasa gambar."