Fayiloli biyu da na goge da hannuna

Ni nake riƙe wa kawuna lissafin bashin albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Manhajar da muke amfani da ita tsohuwa ce, ba ta tashi sai a Windows 7, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020. Ga shi kuma ina koyon Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows. Sai na sa VirtualBox a laftof ɗina mai Windows 10, wato manhajar da ke tayar da wata kwamfuta, da ake kira inji, a cikin taka, na kunna VT-x a BIOS (saitin laftof da irin waɗannan injina suke buƙata), na shiga Computer Village a Ikeja aka ƙara min ram ya kai giga 16. Su ukun, Windows 10 da Windows 7 da Ubuntu, suna aiki lokaci guda lami lafiya, wannan duk bai ba ni wahala ba.

Sinafshot ne ya kayar da ni, wato adana yanayin da inji yake ciki a wani lokaci. Kafin azumi na ɗauki guda biyu na Windows 7 ɗin, don in abu ya lalace in koma baya. A zatona kwafi ne aka ajiye a gefe. Bayan wata biyar wuri ya cika, na leƙa foldar Snapshots na ga fayiloli biyu masu dogon suna na lambobi da haruffa, sun cinye kusan giga 40. Na ce tsofaffin kwafi ne, me zan yi da su? Na danna Shift da Delete, ko kwandon shara ba su bi ta ciki ba.

Ashe daga ranar da ka ɗauki sinafshot, asalin faifan injin, inda bayanansa suke, yakan tsaya cak, duk abin da ka rubuta daga baya cikin waɗancan fayilolin yake shiga. Wato bashin wata biyar, na masu ɗaukar buhu goma da na masu ɗaukar hamsin, shi na goge. Da safe injin ya ƙi tashi. Da ƙyar na haɗa asalin faifan da sabon inji, sai ga lissafi ya tsaya a watan Sha'aban.

Na samu kawu a rumfa, jikina a sanyaye. Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, ba ni na ce kar a yar da littafi ba?" Allah ya taimake mu yaron rumfa bai daina rubutawa a littafinsa ba, mai baƙin bango, duk ya sha maiƙo. Mako uku muna zama bayan isha'i a Agege, yana karantawa ina shigarwa. Duk da haka akwai mutum huɗu da muka karɓi abin da suka faɗa da bakinsu kawai.

Har yau abin yana ci min rai, don maɓallin goge sinafshot yana nan cikin VirtualBox, shi ne yake haɗe bayanan da faifan kafin ya share. Kar ka taɓa waccan foldar da hannu. Yanzu duk Juma'a sai na kashe injin, na kwafe foldarsa gaba ɗaya zuwa faifan waje, na kai wa kawu ya kulle a akwatinsa.