Allunan da na gani tsakanin Bauchi da Gombe

Jiya da magariba na sauka gida Kano, ƙurar hanyar Ningi ma ba ta gama fita daga hulata ba. Bikin ɗiyar yayana ne ya kai ni Gombe, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne allunan da ake kafawa a ƙofar shaguna da masaukai.

A hanyar zuwa, dare ya yi mana a Bauchi, sai na tari Keke Napep na ce ya kai ni masauki. A can haka suke kiransa, mu kuma mu ce Adaidaita Sahu. Dukansu sunayen shirye-shiryen gwamnati ne: NAPEP na yaƙi da talauci da aka kafa a 2001 zamanin Obasanjo, namu kuma na gyaran tarbiyya ne na zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Shirye-shiryen sun shuɗe, suna ya manne wa keke.

Masaukin da ya kai ni, allonsa ya fi ƙofarsa girma. An rangaɗa sunan Dubai, an ƙara da intanashinal, ga zanen bene mai taɓa gajimare. Na biya naira 12,000 kafin in ga ɗaki. Ɗakuna shida ne a jere, babu bene ko hawa ɗaya, fanka ba ta motsi, ruwa sai na bokiti. Da na koma na yi magana, yaron da ke karɓar kuɗi ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Malam, in bai yi maka ba ga hanya nan, amma kuɗi ba sa dawowa." Raina ya ɓaci ƙwarai, musamman da na tarar da wani dattijo daga Darazo zaune a baranda yana fifita. Matarsa ya kawo asibiti, ya zaɓi wurin don ya ga suna mai girma, ya ɗauka aƙalla za ta samu iska. Wannan cin amana ne. Mai karanta allo ya yarda da kai ne tun kafin ya gan ka.

Da safe na nufi wajen kasuwar Wunti neman karin kumallo. Wata baiwar Allah na samu da tanda a gabanta, ba allo ba komai, layin mutane kawai. Na ce a ba ni waina, ta yi murmushi ta ce, "Baƙon Kano ne ke nan. Nan masa muke cewa, ɗana." Manya-manya, masu laushi, gefensu ya soyu, ga miyar taushe da zafinta. Ta ƙara mini biyu gyara, ta hana ni biyan kuɗin miya. Mu a Kano da wuya mai waina ta bar maka ko yaji kyauta in layi ya yi tsawo haka.

A Alkaleri na sayi fiya wata, sunan da ke nufin tsarkakakken ruwa, amma ya sha rana har ɗanɗanon leda ya fita a ciki. Kurɓi ɗaya na yi na ajiye.

Gombe kuwa hidimar biki ta cinye ni. A Jekadafari na shiga wani supamaket mai kanta biyu kacal, sai dai mai shi mutumin kirki ne, har ya biyo ni titi da canjin naira 200 da na manta. Washegarin walima na kamo hanya, ban sake kwana a Bauchi ba.